Tusar jaki ta fito wa yarona a yatsu: a ɗiga nonon tumfafiya ko a bar ta?

Maman_Nasiru:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Yarona ɗan shekara 9 ne, tun ƙarshen damina wani ɗan tsiro ya fito masa a gefen babban yatsan hannun dama, mai kaushi, samansa a farfashe kamar taɓon da ya bushe. Ɗaya ne da farko, yanzu na ƙirga biyar, biyu daga ciki a gindin farce. Ba sa masa ciwo sai in ya daɗe riƙe da bik. Abin da ya fi damuna, 'yan ajinsu a lakwal sun fara gudun cin abinci da shi, ya koma kullum hannunsa cikin aljihu, jiya ma da kuka ya dawo. Inna, mahaifiyar maigidana, ta ce tusar jaki ce, a ɗiga masa nonon tumfafiya safe da yamma. Maƙwabciyata ta ce wanzami ne maganinta. Maigidan yana Kwatano, ya ce in yi abin da na ga ya dace. Wanda ya san abin nan don Allah ya taimake ni.

Ɗan_Tibiri:
Wa'alaikumus salam. Inna ta yi gaskiya. Ni da nonon tumfafiya tawa ta tahi ina yaro, kakata ce ta riƙa ɗiga mini har ta yi baƙi ta hwaɗi. Ko dala ba mu kashe ba.

Hajiya_AliƊanSofo:
Ƙanwata, ki rufa wa kanki asiri, kada ki kai tumfafiya hannun yaro. 'Yar ƙanwata aka yi wa haka shekara uku da suka wuce. An ɗiga mata da daddare, cikin barci ta murza ido da hannun. Da asuba idon ya yi jawur, ta kasa buɗe shi, da ta buɗe kuma ta ce hazo take gani. Kusan mako biyu muna zarya wurin likitan ido kafin ganinta ya dawo daidai. Tusar jakin kuwa tana nan daram, sai bayan kusan shekara ta baje da kanta. Yaro ba ya iya raba hannunsa da idonsa, balle cikin barci.

Majo_Mai_Ritaya:
Maman Nasiru, 'yata, na yi shekaru ina duba marasa lafiya, da wuya mako ya wuce ban ga irin wannan ba. Yadda kika kwatanta ya yi kama da tusar jaki ta gama-gari, amma sai an gani da ido ake tabbatarwa. Ƙwayar cuta ce ta birus ke kawo ta, ana ce mata HPV, ire-irenta sun haura 100. Tana shiga ta inda fata ta tsage ko ta kuje, ta zauna a saman fata kawai, ta sa wurin ya yi ta kauri yana tsirowa. Ba ta bin jini, ba ta kuma da wata saiwa da ke nutsawa cikin nama kamar yadda ake faɗa. In kika duba a hasken rana za ki iya ganin ɗige-ɗigen baƙi a kanta. Mutane na cewa 'ya'yanta ne, alhali ƙananan jijiyoyin jini ne da suka toshe. Takan yi watanni a fata kafin ta nuna, shi ya sa ba a gane a ina aka ɗauko ta.

Ga abin da nake so ki riƙe: a wurin yara, kusan biyu cikin uku takan baje da kanta cikin shekara 2, ba tabo ba komai, da zarar garkuwar jiki ta gane ta. To duk maganin da za a yi, bai kamata ya bar wa yaro abin da ya fi cutar muni ba. Amma in tambaye ki, yana cin farce? Biyun nan na gindin farce su suka sa na tambaya.

Maman_Nasiru:
Wallahi Baba Majo kamar kuna cikin gidan. Yana cin farce sosai, har tsiron ma yakan gartsa da haƙori in yana kallon tele.

Majo_Mai_Ritaya:
To ga yadda ɗaya ta zama biyar. Da kansa yake shuka ta daga yatsa zuwa yatsa, kuma in ya ci gaba tana iya fito masa a leɓe. Ki yanke masa farce ƙasa-ƙasa, ki ware masa abin yankan farcensa da tawul nasa shi kaɗai, ki rufe tsiron da filasta in zai tafi lakwal. Batun kwano kuwa, ba ta hanyar abinci ake ɗaukarta ba. Fata da fata ne, musamman jiƙaƙƙiyar fata ko mai rauni, kuma ba kowa ne ya taɓa take kamawa ba. Babu dalilin hana shi lakwal ko ware shi.

Mai_Amalanke:
Ni shekara 20 ina ɗaukar yashi da jakai daga gulbi, muna tare rana da dare, ba ta taɓa hito mini ba ko ɗaya. Don haka batun jaki sunan ne kawai. Amma maraƙina na da irinta a wuya da gehen ido, sun kai goma. Ɗiyana na iya ɗauka wurinshi?

Malamin_Dabbobi_Madarumfa:
@Mai_Amalanke hankalinka ya kwanta. Shanu na da tasu ƙwayar, dangin ta mutane ce amma ba ta kama mutum, ta mutum ma ba ta kama su. An fi ganinta a maruƙa da 'yan bana biyu, mafi yawanci ta bushe ta zube cikin watanni. Abin da za ka kula da shi, ta shanun tana iya kama jaki da doki ta zame musu tsiro mai wuyar magani, to kada ka haɗa musu igiya ko ragama. In kuma ka ga kumburin ya game jikin maraƙin gaba ɗaya da zazzaɓi da ƙin cin abinci, wannan wata cuta ce dabam, ka nemi malamin dabbobi da wuri.

Ɗan_Rundawa:
Malam, in dai ba ta tsallakowa daga dabba, me ya sa mu mahauta muka fi kowa fama da ita? A rumfarmu mu shida ne, huɗu na da ita a hannu. Masu yanka naman kilishi ma haka. Ni na daɗe da yarda daga nama muke ɗauka.

Ɗalibin_Likita:
@Ɗan_Rundawa abin da ka lura da shi gaskiya ne, har a littattafanmu akwai ta, ana kiranta tusar jakin mahauta. Sai dai ƙwayar da aka fi samu a hannunku ta mutane ce, irin HPV mai lamba 7, ba ta dabba ba. Hannunku kullum a jiƙe yake, wuƙa da ƙashi na yi muku ƙananan raunuka, ga wuƙaƙe da tsumman goge hannu da ake yin karo-karo da su. Ƙofar shiga ce a buɗe kullum. Masu aikin kifi da masu fige kaji ma suna yawan samunta saboda haka.

Inna_Mokoyo:
Ku yaran zamani komai ku ce ƙwayar cuta. Mu dai mun taso mun ji ana cewa gado ce, tana bin jinin gida. Gidanmu duk mun yi ta, maƙwabtanmu ba wanda ya yi.

Ɗalibin_Likita:
Inna, Allah ya ƙara muku lafiya, 'yan gida ɗaya sukan yi ta tare ne don tabarma ɗaya, soso ɗaya, reza ɗaya. An gwada abin tun 1907. Wani likita ɗan Italiya mai suna Giuseppe Ciuffo ya niƙa tsiron, ya tace ruwansa da matacin da ke tsare manyan ƙwayoyin cuta, ya sa wa kansa a hannu, bayan wasu watanni ta fito masa a wurin. Daga nan aka san wani abu ne ƙarami ƙwarai mai yaɗuwa. Abin da ke bambanta mutane shi ne ƙarfin garkuwar jiki, wani ta kama shi, wani ta wuce.

Wanzamin_Bagalam:
Tunda an ambaci wanzami bari in yi magana da bakina. Sana'ar nan gadonta na yi, kuma na yanke tusar jaki ba adadi a da. Gaskiyar Allah, tana zubar da jini fiye da girmanta, kuma sau da yawa bayan wata biyu mutum zai dawo ta sake fitowa, wani lokaci da 'yan rakiya a gefe. Yanzu in an kawo mini yaro cewa nake a kai shi likita. Akwai kuma wata iri ƙanana masu faɗi, sumul, da ke fitowa a haɓa da kumatu. Na lura tana bin layin aska, inda aska ta bi nan take jeruwa. Mai irin wannan nakan ce masa ya bar gemunsa ya huta, kuma kowa da sabuwar rezarsa a wurina.

Hajiya_AliƊanSofo:
Allah ya yi wa sana'arka albarka Sarkin Aska. Ba kowa ke faɗin gaskiyar da za ta rage masa ciniki ba.

KabuKabu_Burja:
Ku bar ni in ba ku nawa labarin, don kada wani ya faɗa inda na faɗa. Tawa a tafin ƙafa ta fito, daidai inda nake taka burki. Ba ta tsiro waje ba, ciki ta nutse, in na taka kamar tsakuwa a takalmi. Wani abokin aiki ya ce in ɗiga ruwan batir. Na ɗiga da tsinken ashana dare biyu. A dare na uku wurin ya zama rami, fari fat, yana ruwa, ƙafar ta kumbura har idon sawu. Wata biyu ban hau babur ba, mai babur ya karɓe abinsa ya ba wani, matata ce ta riƙe gidan da kuɗin ƙosai. Da gyambon ya warke, sai ga tusar jakin ta dawo a zagaye da tabon kamar zobe. Har yau tabon na mini zafi in na daɗe a tsaye. Maman Nasiru, kada ki bari kowa ya kawo ruwan batir ko kanwa da toka kusa da yaron nan.

Ɗan_Tibiri:
Subhanallahi. Allah shi ƙara sauƙi. Amma ruwan batir dabam, tumfafiya dabam, wannan itace ne na Allah.

Majo_Mai_Ritaya:
@Ɗan_Tibiri ban ƙaryata ka ba, ɗana. Nonon tumfafiya da na aguwa da tafarnuwa duk suna ƙona fata, to in an yi sa'a sukan ƙone tsiron. Matsalar ita ce ba wanda ya san ƙarfin abin da ya ɗiga, kuma ba ya bambanta tsiro da lafiyayyar fata, ga haɗarin ido da Hajiya ta faɗa. Na wanke ƙunar tafarnuwa a hannun yara ba sau ɗaya ba, an ɗaure musu ita sun kwana. Mu baƙaƙen fata kuma akwai abin da ya kamata mu tuna: wasunmu in fata ta ji rauni tabon kan kumbura ya yi tudu ya ci gaba da girma, irin wanda ake gani a kunnen wasu mata bayan huji. Wannan ya fi tusar jaki wuyar magani nesa ba kusa ba.

@KabuKabu_Burja ta tafin ƙafa ana rikita ta da kanta, wato kaurin fatar da yawan guga ke kawowa. In ka matse ta daga gefe da gefe ta fi ciwo, tusar jaki ce. Kanta kuwa in ka danna ta daga sama ta fi ciwo, kuma zanen fata na bi ta kanta bai yanke ba. Ana yawan ɗaukarta a jiƙaƙƙen daɓen banɗaki da silifas ɗin da kowa ke sakawa.

Mai_Farmasi:
Bari in ƙara a kan maganar Baba Majo, don kullum ana zuwa mana da wannan. Maganin da aka fi farawa da shi shi ne asid salisilik, akwai na ruwa mai ƙarfin kashi 17 cikin 100, akwai na liƙawa da ke kaiwa kashi 40, wanda aka fi yi wa tafin ƙafa. Yawancin masu cewa bai yi musu aiki ba, mako ɗaya suka yi suka ajiye. Da dare za a jiƙa hannun cikin ruwan ɗumi kamar minti 5 zuwa 10, a goge mataccen saman a hankali da ɗan dutsen goge kaushi, ba har ya yi jini ba, a shafa basilin a lafiyayyar fatar da ke kewaye, sannan a ɗiga maganin a kan tsiron kaɗai, a bari ya bushe, a rufe da filasta. Kullum, har zuwa mako 12 in ta kama. Wurin zai yi fari ya yi laushi, wannan alamar yana aiki ce. In ya yi ja yana zafi a huta kwana biyu. Dutsen nan kuma kada kowa ya taɓa shi, kada a goge wani wuri na jiki da shi.

Ba a sa shi a fuska, ba a sa shi a al'aura. Kuma na gindin farce gara ma'aikacin lafiya ya fara gani, don wurin na da wuyar sha'ani.

Alhaji_Kantin_Hatsi:
Ni ina da ciwon suga shekara 11, kuma akwai wani abu mai kauri a ƙasan babban yatsan ƙafata. In sayi wannan maganin?

Mai_Farmasi:
A'a Alhaji, don Allah kada ku saya, kada kuma ku sa reza. Mai suga ƙafarsa ba ta jin zafi yadda ya kamata, rauni kuma ba ya saurin warkewa, ƙaramar ƙuna na iya zama gyambon da zai kai ga yanke yatsa. Ku nuna wa likitan da ke duba ku a wannan makon.

Anti_Zariya2:
Ni kuma nawa a fuska ne da wuya, ƙanana baƙaƙe, wasu na reto kamar an rataye su. Mamata ma na da su. Wata mai gyaran jiki ta ce za ta ɗaure mini su da zare ko gashin wutsiyar doki. Su ma tusar jakin ce?

Ɗalibin_Likita:
Anti, da alama ba ita ba ce. Ƙananan baƙaƙen nan na kumatu da gefen ido suna da yawa a baƙar fata, suna ƙaruwa da shekaru, kuma su kam suna bin gida, a nan maganar Inna_Mokoyo ta yi daidai. Masu reto a wuya da hamata su ma ba birus ba ne, ba a ɗaukarsu, an fi ganinsu ga masu jiki da masu suga, to in sun yi yawa yana da kyau a auna suga. Akwai kuma wasu ƙuraje na yara masu sheƙi da ɗan rami a tsakiya kamar cibiya, wata birus ce dabam ke kawo su. Duk mu kan haɗa su mu ce tusar jaki. Ta fuska dai a bar wa likitan fata.

Admin_Zaure:
Wata 'yar'uwa ta turo mini a ɓoye, ta ce in tambaya ba tare da sunanta ba. Irin wannan tsiron ya fito mata a gabanta, tana da ciki wata biyar, tana jin kunyar zuwa awo da shi. An ba ta wani ruwan magani a kasuwa ta shafa.

Ungozoma_CSI:
'Yar'uwa, kada ki shafa komai sai kin zo. Akwai maganin da ake shafa wa irin wannan, podofilin, wanda aka hana mai ciki ɗungurungum don yana iya cutar da abin da ke cikinta, kuma ba ki san abin da ke cikin kwalbar nan ba. Da ciki tsiron kan ƙara girma, bayan haihuwa sau da yawa ya ragu. Akwai hanyoyin da ake cire shi da ba sa taɓa ciki. Mun saba gani, ba wadda za ta yi miki dariya ko ta fitar da maganarki. Na al'aura yawanci ire-iren HPV masu lamba 6 da 11 ne, ta saduwa ake ɗaukarsu, amma sukan yi watanni ko fiye a ɓoye kafin su nuna, don haka kada a yi gaggawar zargin juna a gida. Za mu so maigida ma a duba shi, a kuma yi muku gwajin sida, kamar yadda ake yi wa kowace mai awo.

Maman_Nasiru:
Innalillahi. Yanzu gabana ya faɗi. Na taɓa jin HPV ce ke kawo kansar bakin mahaifa. Wannan ta hannun yarona tana iya zama kansa? Ina da 'ya'ya mata biyu a gidan.

Ungozoma_CSI:
Kwantar da hankalinki Maman Nasiru. Suna ɗaya ne, gida ɗaya, amma kowace da aikinta. Masu lamba 16 da 18 su ke kawo kusan kashi 70 cikin 100 na kansar bakin mahaifa, kuma ba su ne ke fitowa a yatsun yara ba. Ta hannun Nasiru ba za ta zame wa 'yan'uwansa wannan cutar ba. Allurar rigakafin HPV da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14, don kansar aka yi ta. Najeriya ta shigar da ita cikin rigakafin yara a 2023. Ba ta warkar da tsiron da ya riga ya fito, ba kuma don na hannu aka yi ta ba.

Abban_Zabiya:
Ina so in ƙara abu ɗaya da ba wanda ya faɗa. Ɗana zabiya ne. Wani tsiro mai kaushi ya fito masa a kunne muka ɗauka tusar jaki ce, muka bar shi wata bakwai, yana ɓarewa yana jini yana komawa. Da aka duba aka ce rana ce ta lalata fatar, kuma irin wanda ke zama kansa ne, aka cire shi da wuri, alhamdulillahi. Duk mai zabiya a gida, ko babba da tsiro ya fito masa yana girma da sauri ko yana jini ko ya ƙi warkewa, kada ya tsaya jiran ya baje da kansa.

Malam_Limanci:
Allah ya ba kowa lafiya. Ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. A yi wa yaro addu'a, a kuma kai shi ga masu sanin abin. Ina kuma kira ga iyaye su ja kunnen 'ya'yansu kan gudun ɗan'uwansu saboda lalura, wannan ya fi tsiron yi masa ciwo.

Maman_Nasiru:
Na gode ƙwarai jama'a. Yau da safe na kai shi likita, majon ya duba da fitila ya ce tusar jaki ce. Ya rubuta mana maganin da Mai_Farmasi ya faɗa don guda uku na gefen yatsa, ya ce biyun gindin farce a bar su tukuna, in bayan wata uku suna nan zai tura mu wurin likitan fata. Ya ce can ana daskarar da su da ruwan azot mai tsananin sanyi ko a ƙona da lantarki, amma akwai zafi ga yaro, kuma yakan bar farin tabo a baƙar fata. Na kuma je na ga mushensu, malamin ajinsu, ya ce zai yi wa ajin magana. Saura Inna. Da na dawo na tarar ta aiki yaro ya tsinko mata tumfafiya, tana cikin kwano a bakin ɗakinta. Ban san yadda zan ce mata a'a ba tare da ta ga na raina ta ba.

Hajiya_AliƊanSofo:
Kada ki yi musu da ita ke kaɗai. Ki kira maigidan ya faɗa mata da bakinsa, ki kuma ba ta labarin idon 'yar ƙanwata. Ni da ni ce, ita zan miƙa wa kwalbar maganin in ce Inna ku ne za ku riƙa sa masa kowane dare, hannunku ya fi albarka. Ki nuna mata yadda ake shafa basilin ɗin a gefe.

Ɗan_Tibiri:
To Allah shi ba shi lahiya. Ni dai har yanzu ina ganin tumfafiya ce ta kashe tawa. Maman Nasiru, ki dawo bayan mako 12 ki hwaɗa muna yadda aka ƙare.

Ɗan_Rundawa:
@Mai_Farmasi mu da hannunmu ke cikin ruwa da jini tun asuba, filastar ba ta zama ko minti goma. Maganin zai yi aiki in da dare kaɗai muka rufe?